Kwanon da Ko Ɓarawo Bai Ɗauka Ba

Ranar da na je rushe katangar kwanoni ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da zan tsufa har in manta hanyar gidanmu. Amma bari in fara gyara wata magana da ta daɗe tana cin raina. Duk baƙon da ya tsaya a mararrabar garinmu ya tambayi labarin katangar nan, sai a ce masa wai wata yarinya ce mai tausayi, 'yar boko, ta kawo shawarar gina ta. Har wani malaminmu na sakandare ya taɓa nuna ni a gaban mutane yana cewa ga amfanin karatun mata. Ƙarya ce. Ban kawo shawarar komai ba, tausayi kuwa a lokacin ban san ko a wace kasuwa ake sayar da shi ba. Taɓarya na saɓa na tafi, niyyata in mayar da katangar gari.

Ƙauyenmu yana can bayan Randagi, inda hanyar babur take ƙarewa daji ya karɓa. Babana yana da ƙanwa guda, Gwaggo, wadda hankalinta ya taɓu tun haihuwarta ta fari da ɗan bai zo da rai ba. Mijin ya dawo da ita, ta zauna a ɗakin ƙarshe na gidanmu. Ba ta duka, ba ta zagi. Zabi kawai take bi. Da sassafe za ta fita bayansu, su bi ta cikin dawa, su gangara rafi, tana tafe tana yi musu hira kamar ƙawayenta na ƙuruciya. Da yamma ta dawo da ƙaya a bakin zane da labari cike da baki. Zabi sun ce ruwa zai sauka jibi. Zabi sun ce a ƙarƙashin dajin nan akwai wani gari da ba a rufe ƙofa. Wani lokaci ruwan yakan sauka jibin kuwa, mu yi kamar ba mu lura ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ita da Baba duka Uwata suke kirana. Idan Baba ya faɗa sai in ji daɗi, idan ita ta faɗa a gaban ƙawayena sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A garinmu duk gidan da ke da mai irin wannan lalura, kwanonsa daban ne. An ce yawunsa idan ya haɗu da na mai hankali, ciwon sai ya bi. Ba a sa hannu a wanke irin wannan kwano, ruwa ake watsa masa daga nesa a kife shi a gefe. Na Gwaggo fari ne mai jan baki, fentinsa ya ɓantale a wuri biyu, mazauninsa wani dutse a gindin rumbu. Ni ce mai kai mata abinci. In juye tuwon daga sama, in tura kwanon da ƙafa zuwa bakin ƙofarta, in juya tun kafin ta gama cewa an gode. Na karanta yadda cuta ke yaɗuwa a makaranta, na ci jarrabawa a kai, amma ban taɓa haɗa wannan karatu da ƙafata ba.

Ina aji biyar mutanen daji suka shigo garinmu. Da can sukan zo su kwashi shanu su tafi. Wannan karon zama suka yi, suka kafa doka. Ba riƙe waya. Ba zuwa gonarka sai ranar da suka yarda, sauran ranakun tasu gonar za a noma. Idan suna wucewa a babura kowa ya tsuguna ya sunkuyar da kai, ko da liman ne. Cikin mako guda duk garin ya haddace, har akuyoyi sun koyi yin shiru. Mutum shida ne kawai suka kasa koya. Akwai wani dattijo mai tara murafen kwalba, shi idan ya gan su sai ya ƙame ya sara musu yana dariya. Akwai wani saurayi daga unguwar ƙetaren rafi da yake tsayawa yana yi wa bishiyoyi wa'azi. Sai wasu uku, sai Gwaggo, wadda sau biyu tana bin zabinta har tsakiyar sansaninsu.

Suka ce 'yan leƙen asiri ne masu haukan ƙarya. Wani daga cikinsu ya ce ko na gaskiya ne, bakin da ke ci ba ya noma ba shi da wurin zama a ƙasarsu. Aka aiko wa mai gari cewa kafin azahar kowane gida ya kawo nasa da kansa, in ba haka ba a cinna wa rumbunan gari wuta.

Baba ne ya kama hannun Gwaggo. Ina tsakar gida ina daka, na ji yana ce mata ta zo su je, an ga zabi da yawa a bakin daji. Ta wuce ta gabana ta ce, "Uwata, a ajiye mini tuwona." Ban ɗaga kai ba. An ce igiya ɗaya aka ɗaura musu su shida, aka shige da su cikin itatuwa. Babu wanda ya sake ganinsu. Bayan wata biyu muka gudu cikin garin Birnin Gwari, rumbunan kuma aka ƙone su duk da haka.

A can gudun hijira, idan ana lissafa waɗanda aka rasa don a yi musu addu'a, ban taɓa jin an ambaci ko ɗaya cikin shidan nan ba. Ba gawa, ba jana'iza, ba zaman makoki. In wani ya tambayi Gwaggo, sai mu ce ta ɓata, kamar ɗan kunne.

Shekara uku muka yi kafin ƙura ta lafa muka koma. Abin da muka tarar ba gida ba ne, kango ne. Sun ciccire kwanon rufi, sun ɓalle ƙofofi, tukwane da turame duk babu, har igiyar shanya sun kwance. Amma a kan dutsen gindin rumbu, farin kwanon nan mai jan baki yana kife yadda na bar shi. Haka a sauran gidaje biyar. Mutanen da ba su ji tsoron Allah ba, ba su ji tsoron soja ba, sun ji tsoron kwanon mahaukaci. Baba ya gan shi ya kawar da kai. Inna ta sa kara ta tura shi can ƙarƙashin ƙonannen rumbun.

Damina ta farko bayan komawarmu, wata tsohuwa Bagwariya mai ginin tukwane ta fara kwaɓa yumɓu a mararraba, gindin ɗorawa. Ita ce mahaifiyar saurayin nan mai wa'azi. Muka zaci murhun gasa tukwane za ta yi. Sai ta shiga bin gidaje tana roƙon kwanonin. Gida huɗu suka ba ta da murna, dama neman inda za su kai suke. A gidanmu Baba ya ce mata babu wani kwano a nan. Ta dawo, ya maimaita. Ta sake dawowa, ya shige ɗaki ya bar ta tsaye.

Sai labari ya iso ta bakin mata a rijiya, cewa tsohuwa ta bar gurbi guda a katangarta, ta kuma zagaye shi da sawun zabi. Wa zai tambayi na wane ne? Daga ranar Baba ya daina bin mararraba. Ya daina zuwa kasuwa. Sai ya daina cin abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Mutumin da ya noma mana gona da hannu ɗaya lokacin da ya karye, ga shi zaune a inuwa yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Ni kuwa na gama yanke hukunci: wata tsohuwa ta gina yatsa da yumɓu tana nuna ubana da shi, kuma zai kashe shi in ban karya ba. Ba ni da haƙurin zuwa wurin mai gari a yi ta a bari sai gobe. Na ɗauki taɓarya.

An kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Ƙasa tana fitar da tururi, dajin duk ya lulluɓe da fari, bishiyoyi kamar suna tsaye a kan hayaƙi. Ina tafe ina shirya zagin da zan yi, har na tsara wanda zan fara da shi. Ban taɓa zuwa na ga katangar da idona ba, a raina wani mummunan abu ne mai kama da wurin tsafi.

Gajeriya ce, iyakarta ƙuguna, ta lanƙwasa kamar rabin rumbu. Jan yumɓu ne da aka goge da dutse har yana sheƙi, an bi jikinsa da totuwa an fitar da zane irin na wuyan tulu. A samanta aka dasa kwanonin, bakinsu yana kallon sama. Ruwan daren ya cika su, kowanne ya ɗauki nasa yankin sararin samaniya, da gajimare yana wucewa a ciki. Ƙarƙashin na dattijo murafen kwalba ne jere a cikin yumɓu suna walƙiya. Ƙarƙashin na ɗanta ganyaye ta danna ta cire, siffarsu ta zauna har da jijiyoyi. Kurciyoyi biyu suna shan ruwa a cikin kwanonin, ba su ko tashi ba da na iso. A ƙarshe kuma ga gurbin, ramin da babu kwano, sawun zabi sun taso daga ƙasa sun zagaye shi sun wuce kamar masu ci gaba da tafiya.

Tsohuwar tana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, tana murza yumɓu. Ta dubi taɓaryar, ta dube ni.

"'Yar nan, doyar ba ta ma dahu ba kin taho da taɓarya?"

Na sauke mata duk abin da na ɗauko. Na ce ta tona mana asiri, na ce wanda ya mutu ya mutu, na ce ubana ba shi da zaɓi ranar, kuma in ya mutu da baƙin ciki ita ce. Na ce in tana son kuka ta yi a ɗakinta, ba a kan hanyar da kowa ke bi ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta bar ni har numfashina ya ƙare, hannunta bai daina murza yumɓun ba.

Sannan ta ce, da Hausarta mai karyewa a ƙarshen kalma, ita ma da hannunta ta kai nata. Ta ce ce masa ta yi coci za su, har ta sa ya canza riga. Ta ce tun ranar duk tukunyar da ta gina sai ta fashe a wuta, shi ya sa ta ce bari ta gina abin da ba ya buƙatar wuta. Ba ta gina don ta nuna kowa ba, in ji ta, don in nuni ne, duk garin nan wa bai riƙe bakin igiyar ba?

"Ke ina kike ranar?"

"Ina daka."

"To ga shi har yau ba ki ajiye ba."

Ban san lokacin da na jingine taɓaryar a jikin ɗorawa ba. Na matsa na leƙa gurbin. Shi ma ruwa ya taru a ciki, jajaye, ya kwanta lum. Na ga fuska a ciki, mai faɗin goshi, irin goshin da aka sha ce mini na Gwaggo ne ina jin haushi. Can cikin ciyawa zabi suka fara kuka. Na ɗaga kai wajen daji, sai na ga kamar mutane suna fitowa daga cikin farin nan, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, babu igiya. Dattijo a gaba yana sara wa bishiyoyi. Kowa ya nufo kwanonsa kamar yadda ake dawowa daga gona. Ta ƙarshensu ta tsaya tana dube-dube, ba ta ga nata ba, ba ta kuma yi fushi ba, tsayawa kawai ta yi tana jira yadda ta saba jira a bakin ƙofa. Na san tururin ƙasa ne da hasken rana, ba sai an faɗa mini ba. Amma har yau in na rufe ido ina ganin inda ta tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Da na dawo hayyacina rana ta take tsaka, tsohuwa har ta gama cin rogonta.

Na koma gida ba taɓarya. Na durƙusa a gindin rumbu, na zura hannu cikin toka da yanar gizo na jawo kwanon. Inna ta saki salati ta ce in yar, in je in wanke hannu da toka. Ban kula ta ba. Na tafi inda Baba yake zaune na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba, na ce zan kai wa tsohuwa kwanon nan, ko ya yarda ko ya tsine mini. Na ce ba katanga ce ta hana shi cin abinci ba, shi ma ya sani. Ina faɗa ban ma san me zan yi ba in ya zaɓi tsinuwar.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya ce, "Uwata, haka za ki kai shi da datti?"

Ya ce a kawo masa ruwa da soso. Inna ta tsaya kamar an dasa ta, ni na kawo. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora kwanon a cinyarsa, ya shiga wankewa da hannunsa, ciki da waje, har cikin wuraren da fenti ya ɓantale. Sau uku ina canza ruwa. Yana wankewa yana magana, ba da ni ba, ba da Inna ba. Ya ce suna yara kwano ɗaya suke ci shi da ita, kullum takan bar masa ƙanzo ta ce ba ta so, sai da ya girma ya gane tana so. Sannan ya ce ranar, da suka wuce rijiya, ta tsaya ta dube shi da idon da ya rabu da gani tun kafin ciwon.

"Ta ce mini, Yaya, zabi ba ta nan suke bi ba. Amma mu je."

Ya goge kwanon da gefen rigarsa ya miƙo mini. Bai bi ni ba.

Tsohuwa ta gan ni da kwanon a hannu. Ta kwashe ruwan gurbin da tafin hannu, ta shafa sabon yumɓu, ta ce in dasa da kaina. Ya zauna daram kamar an auna, ashe tun zuwanta na farko ta hango shi a ƙarƙashin rumbu ta ɗauki girmansa da ido. Masu wucewa suka gan ni durƙushe da yumɓu har gwiwar hannu, daga nan labarin yarinya mai tausayi ya samo asali.

An yi surutu, ba a rasa ba. Wasu suka kai ƙara wurin liman cewa an kafa gunki a mararraba. Ya zo ya zagaya katangar sau biyu, ya ce shi bai ga siffar mutum ba, tsuntsaye ya gani suna shan ruwa, kuma in akwai mai hujjar hana tsuntsu shan ruwa ya kawo. Juma'ar da ta biyo baya ya ambaci mutum shidan nan a addu'a, masallaci ya ce amin. Baba ya koma cin abinci. Amma har yau ba ya bin mararraba, ta bakin rafi yake zagayawa ko da kaya a kansa. Na daina yi masa magana a kai. Ba kowane ciwo ne bakina zai warkar ba, wannan ma sai da na girma na yarda.

Shekaru sun wuce ina ganin mun gama biyan abin da ke kanmu. Sai makon jiya na je gidan wata ƙawata, muna hira a tsakar gida na ji ƙarar sarƙa daga ɗakin baya. Ta yi saurin cewa akuya ce. Akuyar ta yi tari irin na mutum. Yayarta ce, wadda tun abin da ta gani a hanyar gudu ba ta sake zama daidai ba. A bakin ƙofar ɗakin ga wani sabon kwanon roba shuɗi, a kife, shi kaɗai. Mutanen gidan nan kuwa suna cikin masu kai baƙi mararraba su nuna musu katanga.

A nan na gane abin da ranar taɓarya ta so koya mini ban gama ɗauka ba. Girmama kwano ba wuya bayan mai shi ya tafi, yumɓu ba ya ihu, ba ya kunyata kowa a gaban baƙi. Mutanen daji ba su suka fara ware mana mutanenmu ba. Sun zo sun tarar mun riga mun ware su, ɗauka kawai suka yi.

Saboda haka na yanke shawara. Shuɗin kwanon nan ba zai hau katanga ba. Na tambaya an ce mini akwai asibitin masu irin wannan lalura a Kaduna, kuma ana samun sauƙi. Ranar kasuwa mai zuwa zan je gidan da sassafe, in shimfiɗa tabarma a zauren mahaifinsu, ba zan tashi ba sai an kwance ta an ɗora ta a babur, ni a bayanta ina riƙe da ita. Sun san halina tun ina ƙarama. Gara su yarda da wuri.